Sikon: Gurasar shayin Birtaniya, yadda ake gasa ta a gida, da batun bekon ga mai kiyaye halal

A ranar 8 ga Janairun 1940, watanni huɗu da fara Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta soma ƙayyade wa jama'a abinci. Abubuwa uku ta fara da su: bekon, bota da sukari. Kowane baligi aka yanka masa kimanin giram 113 na bekon a mako, da bota kwatankwacin haka, da sukari kimanin giram 340. Sauran kayan abinci sun biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a ɗage takunkumin gaba ɗaya ba sai a watan Yulin 1954, shekara tara bayan an daina harbe-harbe. Nama da bekon ne na ƙarshe da aka saki. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Winston Churchill ta yi amfani da gajiyar da matan gida suka yi da layin kantin nama wajen yaƙin neman zaɓen 1951, ta kuma karɓe mulki daga hannun jam'iyyar Leba.

Waɗannan kaya uku, idan aka haɗa su da fulawa da madara, su ne sikon: ƙaramar gurasa mai taushin ciki da ɓawo mai ɗan ƙarfi, wadda Turawan Birtaniya ke ci da shayi. Akwai mai zaƙi, akwai mai gishiri da ake zuba wa cuku da nama. Ba ta buƙatar yis, ba ta buƙatar jira ta kumbura, kuma daga ɗauko kwano zuwa fito da ita daga wuta bai wuce rabin awa ba. Sauƙin nan ne ya kai ta gidaje a Ostireliya, Afirka ta Kudu, Malawi, Zimbabwe da Amurka. Sai dai ga ɗalibi ko ma'aikaci Musulmi da ya samu kansa a Landan ko Manchester, akwai tambayar da ta fi ta daɗi muhimmanci, wato me ke cikinta.

Daga kasko zuwa teburin masu sarauta

Asalin sikon daga Sikotland yake. Rubutu mafi tsufa da aka samu kalmar a ciki shi ne na mawaƙi kuma limamin coci Gavin Douglas, na shekarar 1513. Masana harshe da dama na ganin ta samo asali ne daga wata kalmar Holanci mai nufin gurasa mai kyau. Sikon na wancan zamani bai yi kama da na yau ba. Faffaɗa ne kamar faranti, da garin sha'ir ko na hatsin ots ake yin sa, a gasa a kan kaskon ƙarfe bisa garwashi, sannan a yanka shi gida huɗu. Abincin manoma ne a ƙasar da sanyi da ruwan sama ba su bar alkama ta yi albarka ba.

Akan rikita sunan da na wani gari mai suna Scone kusa da Perth, inda aka riƙa naɗa sarakunan Sikotland a kan wani dutse. Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya kwashe dutsen a 1296, wasu ɗalibai masu kishin Sikotland suka sace shi daga majami'ar Westminster ranar Kirsimetin 1950, aka mayar da shi Sikotland a hukumance a 1996, aka kuma aro shi don naɗin Sarki Charles na Uku a watan Mayun 2023. Rubutun sunayen ɗaya ne, amma furucin ya bambanta: garin "Sikun" ake ce masa. Ita kuwa gurasar, har yau mutanen Birtaniya ba su daidaita ba tsakanin "sikon" da "sikoun", kuma sukan auna yankin mutum, wani lokaci har da ajinsa, daga yadda ya furta.

Abin da ya sauya sikon ya zama yadda aka san shi yau ya faru ne cikin shekaru kaɗan a tsakiyar ƙarni na 19. A 1843 wani masanin haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya haɗa bakin hoda saboda matarsa ba ta jituwa da yis. A 1845 wani mai gidan burodi a Bristol, Henry Jones, ya yi rajistar fulawa mai tashi da kanta, wadda aka riga aka gauraya da sinadarin kumburi. A 1846 kuma Firaminista Robert Peel ya soke dokokin hatsi da tun 1815 suka ɗora haraji mai nauyi kan alkamar waje domin kare masu manyan gonaki, matakin da ya raba jam'iyyarsa biyu ya kuma ci kujerarsa. Bayan wasu shekaru, alkamar Amurka da Kanada da Rasha ta malalo kasuwa, farar fulawa ta shiga gidan leburan masana'anta.

Sukarin da shayin kuwa tarihinsu ya fi ɗaci. Tsawon ƙarnoni sukarin Birtaniya daga gonakin rake na Jamaika da Barbados yake zuwa, inda bayi 'yan Afirka ke aiki. Da aka kafa dokar 'yanta bayi a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 diyya, amma ga iyayen gijin bayin aka biya ta, ba ga bayin ba. Bashin da aka ci don wannan biya sai a 2015 baitulmalin ƙasar ya gama sauke shi. Shayi kuma daga Sin aka fara kawo shi, daga baya daga gonakin Assam na Indiya da na Silon. A 1874 aka cire haraji kan sukari baki ɗaya. Al'adar shan shayin la'asar da ɗan abin taɓawa, wadda ake jingina wa Anna, matar hakimin Bedford, a wajen 1840, ta sauko daga fada zuwa gidajen talakawa ne a kan wannan arha. Abin da yau ake nuna wa baƙi a matsayin tsantsar al'adar Ingila, kusan babu wani sinadarinsa da ba jirgin ruwa ne ya kawo shi daga ƙasar da aka mallaka ko aka yi ciniki da ita ba.

Me ke sa ta tashi

Wanda ya fahimci abu uku ba zai ɓata sikon ba, ko da bai taɓa ganin an yi ba.

Na farko shi ne bakin hoda. Gauraye ne na sinadarin soda da wani sinadari mai tsami, da ɗan sitaci da ke hana su jiƙewa. Da zarar ruwa ya taɓa su sai su fara fitar da iskar kabon, zafi kuma ya ƙara ingiza ta. Iskar ce ke buɗe ƙananan ramuka a cikin ƙullin. Mai tuyar masa da ke zuba ruwan kanwa a ƙulli mai tsami tana aiki da dangin wannan hikima, domin kanwa na ɗauke da sinadarin soda. Bambancin shi ne ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, don haka ba a auna ta da cokali a madadin bakin hoda. Tun da aikin yana farawa ne da zuba madara, ba a barin kwaɓin ya zauna. A kunna wuta tun kafin a fara.

Na biyu shi ne bota, kuma dole ta kasance da sanyi. Kusan kashi 80 cikin ɗari nata mai ne, mafi yawan ragowar ruwa. Idan aka murje ta cikin fulawa da kan yatsu har ta zama kamar ɓarɓashi, ƙananan gutsattsarinta sukan rage a daskare. A cikin wuta sai su narke, ruwan ya zama tururi, ya ɗaga ƙullin hawa-hawa. Idan kuwa ta narke tun a kwano, sai ta jiƙe fulawar, sikon ya fito da nauyi da maiƙo. A ƙasa mai zafi wannan shi ne babban ƙalubale. Dabarar ita ce a sa botar a firiji har ta yi tauri, a goge ta da abin goga kai tsaye cikin fulawa, a kuma yi aikin da sassafe.

Na uku shi ne hannu. A cikin alkama akwai furotin iri biyu da ke haɗuwa idan sun sha ruwa su zama gulutin, wato danƙon da ke sa burodi ya yi yauƙi idan an ja shi. Mai burodi yana bugun ƙulli ne don ya ƙarfafa wannan danƙo. Mai sikon akasin haka yake nema. Yawan murza shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ne ke fitar da sikon mai tauri kamar hoge. Ƙullin da ya haɗu da kyar, mai ɗan kaushi da rashin kyan gani, shi ne daidai.

Mai zaƙi

Domin guda shida zuwa takwas ana buƙatar fulawa giram 250, bakin hoda ƙaramin cokali uku, gishiri rabin ƙaramin cokali, bota mai sanyi giram 60, sukari babban cokali biyu, da madara kimanin mililita 140. Wanda ya samu fulawa mai tashi da kanta sai ya rage bakin hodar zuwa cokali ɗaya.

A ɗora oben a maki 220 na ma'aunin Selshiyas, a sa farantin gashi a ciki ya yi zafi. A tankaɗe fulawa da bakin hoda da gishiri, a murje bota a ciki, a zuba sukari. Mai son zabibi ya ƙara giram 60 a nan. A buɗe rami a tsakiya, a zuba mafi yawan madarar, a juya da wuƙar tebur maimakon hannu, domin tafin hannu na narkar da bota. Idan akwai busasshen gari a ƙasan kwano sai a ƙara ragowar. A juye a kan tebur da aka barbaɗa wa fulawa, a ninka sau biyu ko uku kawai, a daddanna da tafin hannu har kaurinsa ya kai santimita biyu da rabi zuwa uku. Kauri a nan ba ado ba ne. Ƙullin da aka murza ya yi fale-fale ba zai taɓa tashi ya yi tsayin da ake so ba.

A yanka da abin yanka mai da'ira ko bakin ƙaramin kofi, a danna shi tsaye a ɗaga. Kada a murɗa, domin murɗawa na liƙe gefen, sikon ya tashi a karkace. A shafa ƙwai ko madara a sama kawai, ba tare da ya gangaro gefe ba. Minti 12 zuwa 15 ya isa. Alamar nasara ita ce tsagewar da kan bayyana a tsakiyar gefensa, inda ake raba shi biyu da hannu ba tare da wuƙa ba.

Kindirmo da aka tsinka da ɗan ruwa yana maye gurbin madara, kuma sau da yawa ya fi ta, domin tsaminsa na tausasa ƙullin. Idan da shi za a yi, a ƙara soda kwata na ƙaramin cokali. Wanda ba shi da oben ba ya cikin asara: kasko mai kauri da murfi a kan wuta kaɗan, minti bakwai ko takwas kowane gefe, shi ne ainihin yadda aka yi ta a Sikotland ƙarnoni kafin oben ya shiga gidaje. Sai dai a rage kaurin zuwa santimita ɗaya da rabi domin cikin ya nuna.

A kudu maso yammacin Ingila ana cin mai zaƙin da jam da wani kirim mai kauri da ake samu ta hanyar ɗumama madara a hankali a bar ta ta huce. Na yankin Cornwall yana da kariyar doka tun 1998, kuma wajibi ne mansa ya kai kashi 55 cikin ɗari. Mutanen Cornwall jam suke fara shafawa, maƙwabtansu na Devon kuma kirim, kuma gardamar ta kai ga David Cameron ya sha ba'a a jaridu lokacin yaƙin neman zaɓen 2015, da ya juya tsarin a wani shagon shayi a Devon. A baki dai ɗanɗanon ɗaya ne.

Mai gishiri, da batun bekon

Tsarin bai sauya ba. A cire sukari, a rage gishiri zuwa ɗan kaɗan, domin cuku da nama na ɗauke da nasu. Bayan an murje bota sai a zuba gogaggen cuku mai ƙarfin ɗanɗano giram 100, a rage kaɗan na barbaɗawa a sama, da yankakken lawashi, da masoro, da garin mastad ƙaramin cokali ɗaya idan akwai. Naman giram 100 zuwa 120 ne, a yanka ƙanana, a soya har ya yi ƙaras-ƙaras, a tsane mai, a bar shi ya huce sarai. Nama mai zafi zai narkar da botar, ɗanye kuma zai saki ruwa a cikin ƙullin ya bar shi da danshi. Wannan kan ɗauki minti 15 zuwa 18 a wuta. Amurkawa, waɗanda sikon ɗinsu ya fi yawan bota da sukari kuma suke yanka shi mai kusurwa uku, sukan haɗa zaƙi da gishiri wuri guda: bekon a ciki, ruwan zaƙin itacen mafal a sama.

Bekon, idan ba a ƙara wata kalma a gabansa ba, naman alade ne da aka jiƙa a gishiri, sau da yawa a kuma yi masa hayaƙi. Na Birtaniya daga gadon baya ake yanko shi, na Amurka daga ciki, shi ya sa ya fi kitse. Kasuwarsa ma siyasa ce. Da alkamar Amurka mai arha ta karya manoman hatsi na Denmark, sai suka koma kiwon shanu da aladu, suka kafa mayankar haɗin gwiwa ta farko a garin Horsens a 1887, suka mayar da teburin karin kumallon Baturen Ingila babbar kasuwarsu. Mamayar da Jamus ta yi wa Denmark a watan Afrilun 1940 ta toshe wannan hanya.

Ga Musulmi da Bayahude hukuncin a bayyane yake, kuma kasuwa ta daɗe da lura. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, kashi 6.5 cikin ɗari na jama'a. A manyan kantuna da shagunan halal ana samun bekon na naman sa da na talotalo, a Afirka ta Kudu kuma ana sayar da makon, wanda ake yi da naman tunkiya ko na sa. Na sa ne ya fi dacewa da sikon, saboda yana da kitsen da zai soyu ya yi ƙamshi. Na talotalo ba shi da mai sosai, yana buƙatar ɗan man suya kuma yakan bushe da wuri.

Abin lura shi ne rubuta "talotalo" ko "sa" a jikin leda ba ya nufin halal. Dokar Birtaniya ba ta tilasta a rubuta yadda aka yanka dabba ba, don haka tambarin hukumar tantance halal ake dubawa, kuma hukumomin ba gwamnati ke tafiyar da su ba, ƙa'idojinsu ma sun bambanta, musamman kan sumar da dabba kafin yanka. Tambarin ma ba ya hana kuskure. A farkon 2013, a tsakiyar badaƙalar naman doki da ta girgiza Turai, an gano ɓurɓushin naman alade a cikin wasu kayan abinci masu tambarin halal da ake kai wa gidajen yari a Ingila, har ma'aikatar shari'a ta dakatar da kamfanin da ke kawowa. Akwai kuma tarkon da ba a cika tunawa da shi ba: wasu tsofaffin hanyoyin yin sikon na amfani da kitsen alade a madadin wani ɓangare na bota, ko da sikon ɗin mai zaƙi ne. A shagon shayi, tambaya ɗaya ko alamar abincin marasa cin nama ta wadatar. A gida kuwa mai yi ya san abin da ya zuba.

Sauya dabba ba ya kawar da batun lafiya. A watan Oktoban 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, ta ce cin giram 50 kullum na ƙara haɗarin kamuwa da dajin hanji da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Bayanin ya shafi sarrafawar ne, don haka bekon na sa ma yana ciki. Giram 100 da aka raba wa sikon takwas ba shi ne giram 50 a kullum ba, amma ya kamata a san lissafin.

Fulawar da ba a noma ta a gida

Mai son gwada wannan a Kano ko Kaduna zai ci karo da abin da kowane mai gidan burodi ya sani: mafi yawan alkamar da ake ci a Najeriya daga waje ake shigo da ita, duk da noman rani da ake yi a Jigawa, Kano da Kebbi. Gwamnatin Ibrahim Babangida ta haramta shigo da ita a 1987, aka janye haramcin bayan 'yan shekaru ba tare da noman gida ya cike giɓin ba. Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta nemi a riƙa gauraya garin rogo kashi 10 cikin ɗari a fulawa, ta Goodluck Jonathan ta farfaɗo da shirin da burodin rogo, amma bai zauna da gindinsa ba. Yaƙin Rasha da Yukren daga Fabrairun 2022, da sakin darajar naira a Yunin 2023, sun sake ɗaga farashin buhu, har gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da alkama na kwana 150 a Yulin 2024.

Ɗaya daga cikin dalilan da masu burodi suka guje wa garin rogo shi ne ba shi da gulutin, burodi kuwa da danƙon yake tsayawa. Sikon ba ya son danƙo mai yawa tun asali, kuma da garin da ba na alkama ba aka fara yin sa. Maye gurbin kashi ɗaya cikin biyar na fulawar da lallausan garin rogo, ko na dawa ko na gero, ba ya hana shi tashi. Zai ɗan ƙara rugurgujewa, launinsa ya ɗan yi duhu idan dawa ce, kuma yakan buƙaci ƙarin cokali ɗaya na madara. Idan aka wuce kashi ɗaya cikin uku sai ya fara wargajewa a hannu, sai an fasa ƙwai a cikin kwaɓin ya riƙe shi.

Ko da wane gari aka yi, sikon ba ya kwana da daɗinsa. A ci shi da ɗumi a ranar da aka gasa. Wanda ya rage a ɗumama shi minti biyar a wuta washegari, mai nama kuma a ajiye shi a firiji. Yankakken ƙullin da ba a gasa ba yana iya yin wata guda a daskare, kuma kai tsaye ake sa shi a oben, a ƙara masa minti uku ko huɗu.